Wariyar Launin Fata a Wurin Aiki a Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina aikin jinya a wani asibiti a arewacin Ingila, shida daga ciki kuma ni ne wakilin ƙungiyar ƙwadago a sashenmu. Tun da aka buɗe bizar aikin kula da tsofaffi a watan Fabrairun 2022 mutanenmu suka yawaita a ƙasar nan, kuma da wuya a idar da sallar Juma'a wani bai ja ni gefe ya ce, "Malam, don Allah minti biyu" ba. Minti biyun nan kan kai mu la'asar. Da na ga tambayoyin kusan iri ɗaya ne, sai na tattara su wuri guda. Ni ba lauya ba ne, abin da na koya a ɗakunan sauraron ƙorafi nake faɗa. Dokar da zan riƙa ambata ita ce Dokar Daidaito ta 2010, wadda ke aiki a Ingila da Wales da Sikotland.

Malam, ta yaya zan gane wariya ce ake nuna min, ba wai manajan ne kawai ba shi da kirki ba?

Dubi yadda yake yi wa sauran. Manajan da ke yi wa kowa tsawa, fari da baƙi, mugun hali gare shi, kuma wannan wata matsala ce daban. Wanda ke yi wa Bature uzuri idan ya makara minti goma, kai kuma ya rubuta maka takardar gargaɗi a kan minti biyar, shi ne muke magana a kai.

Zamanin da ake kallon idonka a kira ka da mummunan suna ya ja baya, ko da yake bai ƙare ba. Yanzu abin ya fi zuwa a cikin jadawalin aiki. A shekarata ta biyu na lura duk lokacin da aka raba ɗakuna, ɓangaren marasa lafiyar da sai an ɗaga su an juya su kowane awa biyu yana faɗowa kaina ne da wata 'yar'uwa daga Zimbabuwe. Ba wanda ya zage mu, da murmushi ma ake miƙa mana takardar. Sai da na zauna na jera jadawalin sati takwas a kan tebur na ga abin ƙuru-ƙuru, na kuma tabbata ba tunanina ba ne kawai.

A wurin doka abin kashi huɗu ne. Akwai wariya kai tsaye, wato a yi maka abin da bai kai na wani ba saboda asalinka. Akwai ta bayan fage, inda ake kafa ƙa'ida ga kowa da kowa amma mutanen wani asali ne take cutarwa, kuma mai aikin ya kasa nuna hujjar da ta wajabta ta, kamar a ce sai wanda ya yi makaranta a Birtaniya a aikin da bai buƙaci hakan ba. Sai cin zarafi da wulaƙanci, sai kuma ramuwar gayya ga wanda ya yi ƙorafi. Ba dole ka san sunan kowanne ba kafin ka buɗe baki, amma saninsu na sa a ɗauki maganarka da nauyi.

Mai kamfanin namu baƙar fata ne ɗan'uwanmu ɗan Afirka. Shi ma ana iya cewa ya nuna wariya?

Ƙwarai kuwa. Abin da doka ta kira jinsi ya ƙunshi launin fata da ƙasar da mutum ya fito da ƙabila da asali, kuma ta faɗa a fili cewa kasancewar mai yin wariyar jinsinku ɗaya ba ya wanke shi. Idan mai kamfani yana ba 'yan ƙabilarsa awanni masu yawa, kai kuma ya bar ka da ragowa don ba yarenku ɗaya ba, wannan ya shiga ciki. Haka kuma idan Bahaushe ne ya samu shugabanci ya yi wa wasu haka, don mu ma ba mala'iku ba ne.

Sun ce wasa ne kawai, wai ni ce ban san raha ba.

'Yar'uwa, mu za a koya wa wasa? Mu da muke da wasan taubasai, da na Kanawa da Zazzagawa, da na Fulani da Barebari? Abin da ya sa wasanmu yake wasa shi ne kowa na da damar ramawa, kuma ranar da ɗaya ya ɓata rai an daina. Wanda ke tambayar ki kullum ko a kan bishiya kike kwana a Afirka, ko ya riƙa kwaikwayon yadda kike magana a gaban jama'a, ko ya toshe hanci idan kin buɗe kular tuwonki a ɗakin hutu, ya san ba za ki iya ramawa ba, musamman idan shi ne ke sa hannu a takardar hutunki.

Doka tana duba niyyar mai maganar, tana kuma duba abin da maganar ta haifar. Ko da ya rantse ba da mugun nufi ya yi ba, idan abin ya taɓa mutuncinki ko ya mai da wurin aiki wurin ƙasƙanci gare ki, kuma mai hankali zai ga dalilin jin haushinki, to cin zarafi ne. Wani abu da mutane ba su sani ba: ba sai da ke ake ba. Idan wata ake yi wa a gabanki kullum har zaman wurin ya gagare ki, ke ma kina da bakin magana. Kuma kamfani na ɗaukar alhakin abin da ma'aikatansa suka aikata a bakin aiki, sai dai in ya nuna ya ɗauki duk matakan da suka dace don hana shi.

Shawarata ita ce ki faɗa sau ɗaya, a natse, gaban shaida in da hali: "Ba na son wannan maganar, ka daina." Kada ki yi dariyar yaƙe. Na sha ganin an kawo dariyar nan a matsayin hujja cewa ai ita ma tana jin daɗin wasan.

Ba ni da wata shaida. Maganata ce da tasa.

Nan ne mafi yawanmu ke faɗuwa, kuma ba don ƙarya suke yi ba. Mutum zai zo min da ɓacin ran shekara guda, in ce masa yaushe abin ya faru, sai ya ce, "Wallahi kullum ne." Wa ke wurin? "Kowa ya gani." A ɗakin sauraron ƙorafi "kullum" da "kowa" ba su da amfani. Abin da ke aiki shi ne: ranar Talata kaza ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe, wajen miƙa aiki, wance ta ce kaza, wane da wane suna tsaye.

Saboda haka ka sayi ɗan ƙaramin littafi yau ɗin nan, wanda zai shiga aljihu. Duk ranar da wani abu ya faru ka rubuta kafin ka kwanta: rana, lokaci, wuri, ainihin kalmomin da aka faɗa da Turancinsu yadda suka fito, waɗanda ke wurin, da yadda abin ya yi maka. Idan ka kasa barci, rubuta. Idan ka je wurin likita saboda damuwa ko hawan jini, gaya masa daga aiki ne don ya shiga fayil ɗinka. Wasu sun fi son su tura wa kansu imel a adireshinsu na kansu, wannan ma dabara ce mai kyau don kwanan wata na fita da kansa. Kada dai ka ajiye a kwamfutar ofis, ranar da aka dakatar da kai ranar za a rufe ta.

Ka riƙa ɗaukar hoton jadawalin aiki, ka ajiye takardun albashi da saƙonnin WhatsApp na rukunin aiki. Idan manaja ya gaya maka wani abu mai muhimmanci da baki, bi shi da gajeren imel: "Kamar yadda muka yi magana ɗazu, ka ce ba zan je kwas ɗin ba saboda kaza." Ko ya amsa ko ya yi shiru, magana ta shiga rubutu. Hattara da abu ɗaya: kada ka kwashi bayanan marasa lafiya ko na tsofaffin da kake kula da su da sunan tara shaida. Wannan kaɗai ya isa a kore ka, kuma korar ta zama halal.

Ga abin da zai kwantar maka da hankali. Majalisa ta san ba wanda ke rubuta "na hana shi ƙarin girma don baƙi ne", shi ya sa sashe na 136 na dokar ya ce idan ka kawo hujjojin da kotu za ta iya hango wariya a cikinsu, nauyin bayani ya koma kan mai aikin, shi zai nuna cewa wani dalili ne daban. Bambancin launi da bambancin mu'amala kaɗai ba su isa ba, sai da ɗan wani abu a kai, kamar dalilin da ke canzawa yau da gobe, ko ƙa'idar da aka tsallake a kanka kai kaɗai. Kana kuma da haƙƙin neman kamfani ya ba ka bayanan da yake riƙe da su a kanka, har da imel ɗin da manajoji suka yi wa juna game da kai, kuma a ƙa'ida wata ɗaya gare su su amsa. Abin da ke fitowa daga irin waɗannan imel wani lokaci sai ka riƙe baki.

In naɗi muryarsu a ɓoye da wayata?

Ba na ba da wannan shawarar. Kotun ma'aikata takan saurari irin wannan naɗi a wasu lokuta, amma kamfanoni da yawa sun sa shi cikin manyan laifuffuka a dokokinsu, sai ka tafi neman haƙƙi ka dawo kana kare kanka. A taron ƙorafi ka nemi izinin naɗa a fili. In sun ƙi, wanda ya raka ka ya rubuta komai.

Wa zan fara gaya wa?

Idan abin ƙarami ne kuma sabo, fara da shi mai yin, ko manajanka, ko na sama da shi in shi ne matsalar. A asibitocin NHS na Ingila, wato na hukumar lafiya ta gwamnati, akwai jami'an da aka ware don ma'aikaci ya kai musu damuwa ba tare da ya bi ta hannun shugabansa ba. Idan ba a ga canji ba, sai ƙorafi a rubuce bisa tsarin kamfanin, wanda yawanci yana cikin littafin da aka ba ka ranar da ka fara aiki ka jefa a durowa.

A takardar nan kada kunya ta sa ka kewaye-kewaye. Mutanenmu kan rubuta "ana yi min rashin adalci", su bar ainihin maganar. Rubuta ƙarara cewa kana ganin wariyar launin fata ce a ƙarƙashin Dokar Daidaito ta 2010. Wannan jimlar ce ke jawo maka kariyar doka daga ramuwar gayya. Jera abubuwan da suka faru da ranakunsu, shafi biyu sun isa, ka kuma faɗi abin da kake so a yi: a canza maka sashe, a janye gargaɗin, a sake duba ƙarin girman.

Kana da haƙƙin zuwa taron da abokin aiki ko wakilin ƙungiyar ƙwadago. Kada ka shiga kai kaɗai. Ka kuma tuna mutanen ofishin HR, wato mai kula da harkokin ma'aikata, komai fara'arsu, kamfani ne ke biyansu albashi. Wasunsu mutanen kirki ne sosai, amma ba lauyoyinka ba ne. Idan hukuncin bai yi maka ba, ɗaukaka ƙara a cikin gida. Hukumar ACAS, mai sasanta ma'aikata da masu aiki, tana da ƙa'idar yadda ake tafiyar da ƙorafi, kuma kotu na iya ƙara diyya har kashi 25 cikin ɗari idan kamfani ya yi watsi da ita, ko ta rage haka idan kai ne ka tsallake.

Sun ce suna bincike, wata biyu ke nan. In ci gaba da jira?

A'a. Idan ba za ka riƙe komai ba a shafin nan, riƙe wannan. Wa'adin kai ƙarar wariya kotun ma'aikata wata uku ne a cire kwana ɗaya, daga ranar da abin ya faru. Idan ranar 10 ga Maris aka yi maka, 9 ga Yuni ce ranarka ta ƙarshe. Ƙorafin cikin gida ba ya tsayar da wannan agogon ko da na minti ɗaya.

Na ga abin da idona. Wani bawan Allah mai 'ya'ya uku, direban da ke kai kaya, yana da ƙara mai ƙarfi da shaidu biyu. An ɗage masa taro don mai binciken ya tafi hutu, aka sake ɗagewa don wai shaida ba shi da lafiya, shi kuma yana ta cewa, "Bari mu ga abin da za su ce tukuna, kada in yi gaggawa." Ranar da takardar ta iso, "ba mu sami hujja ba", wata biyar sun shuɗe. Ban ce da gangan suka ja lokacin ba, Allah ne masani, amma su ba abin da suka rasa.

Abin da ke tsayar da agogo shi ne sanar da ACAS don neman sulhun farko, wanda dole ne ma kafin ka shigar da ƙara. Kyauta ne, ana yi ta intanet cikin 'yan mintuna, ga kuma lambar neman shawara, 0300 123 1100. Sanar da su ba ya nufin ka kai ƙara. Jami'insu zai tuntuɓi kamfani in ka yarda, in an daidaita shi ke nan, in ba a daidaita ba su ba ka takardar shaida mai lamba wadda za ka sa a fom ɗin ET1, wato na shigar da ƙara. Bayan takardar kana da aƙalla wata ɗaya, muddin ka je musu cikin wa'adi.

Idan abin jere ne da ya ɗauki watanni, kotu na iya lissafawa daga na ƙarshe, kuma alƙali na da ikon karɓar ƙarar da ta makara idan ya ga adalci ya buƙaci haka. Duk waɗannan sa'a ce, ba a gina gida a kansu. Gwamnati ta kawo gyaran doka da zai mai da wa'adin wata shida, amma ka riƙe wata uku a ranka har sai ACAS ta tabbatar maka da abin da ya shafi taka ranar.

Bizata a hannunsu take. Idan na yi magana ba gida za su mai da ni ba?

Wannan ita ce tambayar da ake yi min da murya ƙasa-ƙasa, kuma ba zan yi maka daɗin baki ba, tsoron yana da tushe. Wanda ya sayar da fili ko ya ci bashi ya zo, ga iyali na jiran kuɗin makaranta, ba zai ji "tsaya wa haƙƙinka" kamar yadda ɗan ƙasa zai ji ba.

Ga yadda abin yake. Dokar Daidaito tana kare ka tun ranar farko, har ma tun kana mai neman aikin, ba ruwanta da ko bizar aiki gare ka ko fasfon Birtaniya. Mai aikinka ba shi da ikon soke biza ko korar ka daga ƙasa, wannan na Ma'aikatar Cikin Gida ne. Abin da zai iya shi ne ya kawo ƙarshen aikin ya sanar da su, su kuma yawanci sukan rage maka biza zuwa kwana 60, ko abin da ya saura in bai kai haka ba, don ka sami wani mai ɗaukar nauyi ko ka bar ƙasar. Kwana sittin ba yawa.

Don haka dabara ita ce ka yi abu biyu a lokaci guda: kana rubutu a littafinka, kana neman wani wurin a hankali tun kana kan aiki. Doka ba ta hana ka neman sabon mai ɗaukar nauyi ba, kuma ba sai tsohon ya yarda ba. Ana iya kai ƙarar wurin da ka riga ka bari, muddin wa'adi bai wuce ba, kuma da yawa haka suke yi: su samu wurin tsayawa tukuna. Duba kwantaraginka ko akwai sharaɗin biyan kuɗi in ka tafi da wuri, ka nuna wa ƙungiya ko ofishin Citizens Advice mai ba jama'a shawara, don ba duk abin da aka rubuta ne doka ta amince da shi ba. Idan kuwa an riƙe maka fasfo, ko ana yi maka barazana da biza don ka yi aiki ba biya, abin ya wuce wariya, na 'yan sanda ne.

Tunda na kai ƙorafi aka rage min awanni, ba mai gaishe ni.

Wannan laifi ne mai zaman kansa. Ko da a ƙarshe ba a tabbatar da wariyar farko ba, muddin da zuciya ɗaya ka yi ƙorafin, cutar da kai saboda shi haramun ne a doka. Sau da yawa ma ya fi sauƙin tabbatarwa, don jadawalin kafin ƙorafi da na bayansa suna magana da kansu. Kariyar ta haɗa da wanda ya ba da shaida. Ku gaya wa 'yan'uwan da ke noƙewa idan an ce su faɗi abin da suka gani.

Tsohuwar da nake kula da ita ce ke zagina, ta ce ba ta son baƙar fata ta taɓa ta.

Wannan na da ciwo, ke da kike wanke mata jiki. Idan mai ciwon mantuwa ce, ana yi mata uzurin da ba za a yi wa 'ya'yanta masu cikakken hankali ba. Amma uzurin nata bai sauke wa kamfani nauyi ba. Ki cike takardar rahoto kowane lokaci, ko sun ce miki "ai haka take". Abin dubawa shi ne me shugabanni suka yi da suka ji. Idan sun zauna da iyalan, sun sa ana shiga ɗakin mutum biyu, sun tambaye ki me kike so, madalla. Idan kuwa biyan buƙatar suka yi har ke kika rasa awanni ko albashi, to su ne yanzu ke ware ki saboda launinki, kuma "abin da kwastoma ke so ke nan" ba hujja ba ce a wariya kai tsaye. Duka ko barazana daga mai hankali kuwa, a kira 'yan sanda, kuma wata doka ta 1998 ta sa hukunci ya fi tsanani idan ƙiyayyar launin fata ce ta jawo.

An hana mu yin Hausa a wurin aiki.

A gaban mara lafiya ko wajen miƙa aiki, suna da hujja, kowa na buƙatar ya ji abin da ake faɗa. A lokacin hutunka kana shan shayi, hujjar ta yi rauni ƙwarai. Idan kuma ku kaɗai aka hana, wasu na yin nasu yaren ba mai cewa uffan, rubuta.

Maganar Juma'a da hijabi da gemu fa?

Addini na da tasa kariyar a cikin dokar nan, kuma ana iya haɗa ƙarar addini da ta launin fata in duka sun shafe ka. Ba wata doka da ta ce dole a sake ka kowace Juma'a, amma dole su nuna dalili na gaskiya in sun hana. Nemi a rubuce, ka kawo mafita da kanka, kamar haɗa hutun rana ko musanya da wanda ke son Lahadi.

Shin ba gara haƙuri ba? Mu baƙi ne a ƙasar mutane.

Dattawanmu a nan sukan faɗi haka, kuma ba na raina maganarsu, sun ga abin da ba mu gani ba. Akwai abin da ni ma nake kau da kai, ba kowane kallon banza ake kai wa ofis ba. Sai dai dokar da muke magana a kai ba daga sama ta faɗo ba. A 1963 kamfanin bas na birnin Biristol ba ya ɗaukar baƙaƙe da 'yan Asiya aikin direba ko kwandasta. Wani matashi ɗan Jamaika, Guy Bailey, ya je ganawar neman aiki, da aka ga launinsa aka ƙi ganinsa. Wani mai fafutuka baƙar fata, Paul Stephenson, da abokansa suka kira ƙauracewa motocin, aka yi wata huɗu mutane na tafiya a ƙasa, har kamfanin ya janye ranar 28 ga Agusta, ranar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa a Washinton. Abin kunya gare mu 'yan ƙungiya, reshen ƙungiyar ƙwadagon ma'aikatan bas ɗin yana tare da masu hanawar. Dokar farko ta hana wariyar launin fata ta zo a 1965 ba ta taɓa aikin yi ba, sai ta 1968. Waɗancan mutanen ma baƙi ne a ƙasar mutane, kuma tafiyar wata huɗu a ƙasa ai haƙuri ce. Ka yi haƙurinka, littafinka na aljihu, idonka na kan kalanda.

Nawa zan kashe a kotu, kuma me zan samu?

Shigar da ƙara kyauta ne tun 2017, lokacin da ƙungiyar ƙwadago ta UNISON ta kayar da gwamnati a Kotun Ƙoli kan kuɗin da aka ɗora. Ba dole sai da lauya ba, kuma a yawancin lokuta kowa ke biyan nasa ko an ci ko an faɗi. Abin da za ka kashe shi ne lokaci da kwanciyar hankali. Ƙara na iya shekara ko fiye kafin a saurara, lauyan kamfani zai yi maka tambayoyi masu zafi, hukuncin kuma ana sa shi a intanet da sunanka. Ƙarar wariya na da wuyar ci idan an kai ga zaman ƙarshe, da yawa a sulhu suke ƙarewa.

Diyya ba ta da iyaka a doka. Akwai albashin da ka rasa, akwai kuma kuɗin ɓacin rai, wanda aka kasa mataki uku. A ƙididdigar Afrilun 2025, na ƙasa daga fam 1,200 zuwa 12,100, na tsakiya zuwa 36,400, na sama zuwa 60,700, ana kuma sabunta su duk shekara. Kada ka ji babbar lambar ka fara lissafin gini a gida, na saman sai wariya mai tsanani da ta daɗe.

Ana ci kuwa. A 2023 wata babbar nas baƙar fata, Michelle Cox, ta yi nasara a kan hukumar NHS ta Ingila da goyon bayan ƙungiyar ma'aikatan jinya ta RCN. Cikin abin da aka yi mata har da ware ta daga tarukan sashenta, kotu kuma ta soki yadda aka bi da ƙorafinta a cikin gida. 

Na tura takardar neman aiki wuri hamsin shiru. Ko sunana ne?

Mai yiwuwa. Wani bincike na kwalejin Nuffield a jami'ar Oksfod da aka fitar a 2019 ya tura takardu masu ilimi da ƙwarewa iri ɗaya da sunaye daban-daban, ya gano masu asalin Najeriya sai sun tura kashi 80 cikin ɗari fiye da farar fata 'yan Birtaniya kafin a kira su daidai da su. Tabbatar da haka a kan kamfani guda kuwa da wuya, tunda ba ka ga sauran masu nema ba. Nemi dalili a rubuce idan an yi ganawa da kai aka ƙi ɗauka. Wasu na canza suna a takarda, ba na zarginsu, ni dai ban iya ba.

Na gaji. In ajiye aikin kawai?

Kada ka rubuta takardar ajiye aiki cikin fushi, musamman mai biza. Doka ta san ajiye aikin da aka tilasta wa mutum, amma tabbatar da shi na da wuya. Idan jikinka ya gaza, je wurin likita ya ba ka takardar hutu, ka yi shawara a natse. Idan kamfani ya miƙo maka kuɗi da takardar yarjejeniya don ka tafi ka yafe ƙara, takardar ba ta ɗaure ka sai wani mai ba da shawara mai zaman kansa, yawanci lauya, ya yi maka bayaninta, kuma bisa al'ada kamfanin ke ba da wani abu na kuɗinsa. Ka sa a rubuta irin shaidar aikin da za su ba sabon wurinka, wani lokaci ta fi kuɗin amfani.

Ban shiga ƙungiya ba. In shiga yanzu?

Shiga, amma ka sani yawancin ƙungiyoyi ba sa ba da lauya a kan matsalar da ta riga shigarka, ba a fafe gora ranar tafiya. Duk da haka wakilin wurinku na iya ba ka shawara, kuma matsala ta gaba za ta same ka da kariya. UNISON da GMB da Unite na karɓar masu aikin kula da tsofaffi, RCN ta ma'aikatan jinya da mataimakansu ce, kuɗin wata kuma a wasunsu gwargwadon albashi ne. Mai biza na da cikakken haƙƙin shiga, kuma ba sai ka gaya wa mai aikinka ba, in ka biya ta banki bai ma sani ba.

Ni a Belfas nake. Duk wannan ya shafe ni?

Ailan ta Arewa, inda Belfas take, tata dokar daban, ta 1997, kuma maimakon ACAS hukumar LRA ce ke yin sulhun farko. Ma'anar wariya kusan ɗaya ce, wa'adin ma wata uku ne, kuma Hukumar Daidaito ta yankin na ba da shawara kyauta, wani lokaci har ta ɗauki nauyin ƙara. Kira su tun cikin satin da abin ya faru.